Fuskar Dodo: Tsakanin Robar Kasuwa da Audugar Gombe

Shamaki ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Gombe, kuma kamar sauran unguwannin biranen Arewa, ba a rasa samari a cikinta masu waya mai kyamara da burin shirya fim. A ɗauka cewa biyar daga cikinsu sun haɗa kuɗi, sun rubuta labarin wata amarya da aka kai gidan da ke jikin wata tsohuwar tsamiya, sun sami aron janareta da fitila biyu, mai gida ya ba su izini. Komai ya kammala sai abu guda, wato fuskar abin da zai fito daga bayan tsamiyar. A nan ne finafinan ban tsoro na Hausa da yawa suke faɗuwa. Da zarar dodon ya leƙo sai masu kallo su fashe da dariya, kuma fim ɗin ban tsoron da aka yi wa dariya ya mutu ke nan, ko nawa aka kashe masa.

Maganar tana iya zama kamar wasan yara ga ma'aikacin da ke zaune a sakatariyar tarayya a Abuja yana rubuta wa minista takardar bayani. Amma zaɓin da ke gaban waɗannan samari shi ne zaɓin da ke gaban gwamnati, an dai ƙanƙanta shi ne kawai: a sayo na waje mai araha, ko a sayo na waje mai tsada, ko a koyi yin na gida. Tun daga shekarar 2023 da aka kafa ma'aikata ta musamman domin fasaha da al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira, aka naɗa Hannatu Musa Musawa ta jagorance ta, ake ta maganar asusun tallafi da gidajen sinima da kasuwar duniya. Da wuya a ji an ambaci mutumin da ke zama da yumɓu da auduga da buroshi yana gina fuskar da kyamara za ta ɗauka.

Abin da ya fi sauƙin samu ga samarin Shamaki shi ne fuskar roba ta kasuwa, wadda ake shigowa da ita galibi daga Sin, ake rataye ta wurin masu sayar da kayan wasan yara. Yadda ake yin ta babu wuya. Ana zuba ruwan roba a cikin mazubi, a juya shi har ya shafe ko'ina, a tsiyaye saura, a bar abin da ya manne ya bushe, sannan a fesa masa fenti. Haka ake fitar da dubbai, duk kama ɗaya. An ƙera su ne domin bikin Halowin da Amurkawa ke yi ranar 31 ga Oktoba, inda ake sanya su sa'a biyu ko uku cikin sanyin kaka, a cire a jefa a akwati. Ba a yi su domin kyamara ba, kuma kyamara ba ta rufa musu asiri. Bakin ba ya motsi idan jarumi yana magana. Ramukan idon sun fi idon faɗi, sai a riƙa hango fatar mutum a ciki. Robar tana ƙyalli a gaban fitila kamar sabon bokiti. A wuya kuma akwai gaɓa, inda fatar Bature ta roba ta ƙare, baƙar fatar ɗan Gombe ta fara, hannayensa ma suna nan baƙaƙe suna ƙaryata fuskar.

Ga kuma zafi. A watannin Maris da Afrilu zafin Gombe yana kusantar digiri 40, roba kuwa ba ta barin iska ta ratsa. Wanda ya sanya ta minti goma sai gumi ya taru a haɓarsa, numfashinsa ya riƙa dawo masa. Ita kanta robar rana da zafi da mai suna lalata ta, ta yi danƙo ko ta tsattsage, har a wayi gari dodon da aka fara ɗauka ranar Litinin ba shi ne na ranar Juma'a ba.

Duk da haka, wanda zai yanke wa fuskar kasuwa hukunci dole ya tsaya ya saurari hujja mafi ƙarfi da take da ita. A shekarar 1978, lokacin da John Carpenter yake shirya fim ɗinsa mai suna Halloween da kuɗin da bai wuce dala dubu 300 da 'yan kai ba, mai tsara masa kayan aiki, Tommy Lee Wallace, ya shiga wani kanti a Hollywood ya sayo fuskokin roba. Biyu aka gwada. Ɗaya ta ɗan kama ce mai ban dariya, ɗayar kuma an yi ta ne da kamannin jarumi William Shatner na shirin Star Trek, kuɗinta bai kai dala 2 ba. Ta ɗan kaman tana da ban tsoro irin nata, amma ta biyun aka zaɓa, bayan Wallace ya faɗaɗa ramukan idon, ya cire gashin gira da saje, ya hargitsa gashin kai, ya fesa mata farin fenti. Abin da ya rage shi ne fuskar mutum wadda babu komai a cikinta, ba fushi, ba murna, ba tausayi. Wannan fuskar ta Michael Myers ta shafe fiye da shekara 40 tana jawo wa masu ita kuɗi.

Masu son araha sukan tsaya a kan dala 2 ɗin, su manta da sauran labarin. Wallace bai sanya wa jarumi abin da ya sayo ba, sai da ya sāke shi da hannunsa. Carpenter da mai ɗaukar hotonsa, Dean Cundey, kuma sun yi rowar fuskar matuƙa. Rabin lokaci tana nesa, ko a gefen hoto, ko a bayan labule, kuma a fitowar da aka fi tunawa da ita, a hankali aka riƙa ƙara haske har ta bayyana daga cikin duhu a bayan yarinyar da ke tsammanin ta tsira. Mai fim ɗin da ya sayo fuskar kura mai haƙora a kasuwa, ya haska ta da fitila biyu, ya tsayar da kyamara a kanta minti guda, bai ɗauki darasin Halloween ba, ya dai ji labarin farashin ne.

Akwai wata matsalar da ba a cika lura da ita ba sai fim ya yi kasuwa. Fuskar da ta shahara a fim ɗin Scream na 1996 kayan kanti ce ta wani kamfani mai suna Fun World, an tsince ta ne a wani gida lokacin da ake neman wurin ɗaukar fim, kuma sai da masu fim ɗin suka nemi izinin kamfanin kafin su ci gaba da amfani da ita. Tun kafin nan, a 1957, kamfanin Hammer na Ingila ya zauna ya ƙirƙiri sabuwar fuska ga dodon Frankenstein, saboda wadda duniya ta sani mallakar kamfanin Universal ce. Fuska dukiya ce mai rajista. Saurayin Shamaki da ya ɗora fim a YouTube da fuskar wani kamfani yana gini ne a filin aro, kuma ranar da babban dandalin nuna finafinai zai nemi sayen aikinsa, lauyoyin dandalin su ne farkon waɗanda za su tambayi mai fuskar.

Zaɓi na biyu shi ne na ƙwararru: roba mai kumfa, ko silikon, ko jelatin, waɗanda ake zubawa daidai da fuskar jarumi, a liƙa su gunduwa-gunduwa a goshi da kunci da haɓa yadda za su riƙa motsi da naman fuskarsa. Da irin wannan aikin Rick Baker ya ci kyautar Oscar ta farko da aka ware wa masu kwalliyar fim, saboda An American Werewolf in London na 1981. Babu gardama, a gaban kyamara babu kamarsu, musamman silikon da haske ke ɗan ratsa shi kamar fatar gaske. A Legas akwai masu wannan sana'a da suka yi suna, irin su Hakeem Onilogbo da ake kira Hakeem Effect. Sai dai kusan duk kayan daga waje suke zuwa, da dala ake sayensu, kuma tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dalar da hukuma ke sayarwa ƙasa da Naira 500 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni. Roba mai kumfa tana buƙatar tanda ta musamman da wutar da ba ta ɗaukewa na sa'o'i. Silikon yana da nauyi, ba ya shan gumi. Jelatin kuwa narkewa yake yi da zafi, ga shi kaso mai yawa na wanda ke kasuwar duniya daga fatar alade ake samo shi, abin da jarumi Musulmi yake da haƙƙin ya tambaya kafin a shafa masa a fuska.

Har ila yau akwai abin da littattafan koyar da wannan sana'a na Turai ba su yi lissafinsa ba, wato alwala. Fuskar da aka ɗauki sa'a uku ana liƙawa ba a cire ta domin azahar, a mayar, a sāke cirewa domin la'asar. Fuskar kasuwa, duk da aibinta, a daƙiƙa ɗaya ake tuɓe ta. Mai shirya fim a Gombe da ke son aikin liƙe dole ya tsara ranarsa a kan lokutan salla, ya fara kwalliya bayan isha'i, ya gama ɗauka kafin asuba. An yi sa'a, dare ne lokacin fim ɗin ban tsoro, kuma shi ne lokacin da zafi ke sassautawa.

Saura na uku, wanda aka fi raina wa, kuma shi ya fi cancanta a tsaya a kansa. Dodon da ya fi kowane shahara a tarihin sinima, wato na fim ɗin Frankenstein na 1931, ba da roba aka yi shi ba. Jack Pierce ya gina goshin Boris Karloff ne da auduga, yana jera ta hawa-hawa yana jiƙa ta da wani ruwan sinadari mai ƙamewa da ake kira kolodiyon, aikin da yake cin kusan sa'a huɗu a kowace ranar ɗauka. Auduga, abin da ya ɗaga garin Gombe tun zamanin Turawa, har aka kafa masa injin gurza. Ƙaron da ake iya yin gam mai laushi da shi yana fitowa daga Yobe da Borno da Jigawa. Dutsen da ake ƙonawa a yi filastar mazubi yana nan a ƙasar Nafada. Yumɓu yana hannun maginan tukwane, fata tana hannun dukawa, ƙwarya tana hannun masu sassaƙa da zāne. Ruwan robar ma ba sai an je Sin ba, itatuwansa suna Edo da Delta da Kuros Riba, kuma gwamnatin tarayya tana da cibiyar binciken roba sukutum a Iyanomo kusa da Benin, mai reshen binciken ƙaro a Gashuwa, kamar yadda take da cibiyar fasahar fata a Zariya.

Kuma wannan ba baƙon aiki ba ne a ƙasar Hausa, an dai ƙi kiransa sana'a ne. Yaron da ke tashen tsoho da gemu yana liƙa auduga a haɓa, ya ranƙwafa, ya karkarwa da sanda, nan take ya tsufa. Fatake Hausawa ne suka kai wasan dodo Wagadugu a ƙarni na 19, har yau yaran garin suna fitowa cikin watan azumi da fuskokin dabbobi na ƙwarya. Mafi ban sha'awa shi ne burtun maharba. Maharbi yana ɗaura kan tsuntsun a goshinsa, wanda aka naɗe da fata, ya sunkuya, ya riƙa taku yana caccakar ƙasa kamar yadda burtu ke yi, har ya kusanci barewa ba ta gudu ba. Duk wanda ya ga kan burtun a ajiye zai ce wannan ba zai ruɗi ko akuya ba. Tafiyar ce ke cika shi. Dabbar da ranta ya dogara ga gane abokin gaba ita ce mai kallon da ya fi kowa wuyar ruɗa, kuma maharban Hausa sun daɗe da gano cewa siffa kaɗan da motsi daidai sun isa.

Wannan ya kawo maganar da ta fi farashi nauyi: mene ne yake tsorata mai kallon fim ɗin Hausa? Mai shan jini da dogayen fiƙoƙi, da gawar da ta tashi tana cin mutane, da mutumin da ke rikiɗa ya zama kyarkeci idan wata ya cika, duk tsoron wasu mutane ne, daga tatsuniyoyinsu da majami'unsu da sanyinsu suka fito. Ko finafinan Indiya na 'yan gidan Ramsay, irin su Purana Mandir na 1984, da Arewa ta kalla a sinima da kaset, abin da aka fi riƙewa a cikinsu shi ne kiɗa da tsohon gida da kukan iska, dodon robar kansa ya zama abin zolaya daga baya. Tsoron Bahaushe yana wani wuri dabam. Aljani a aƙidarsa ɓoyayye ne, yana gani ba a ganinsa, idan kuma ya bayyana sai ya ari siffar da aka sani. Maye maƙwabci ne da ake gaisawa da shi kullum. Fatalwa tana zuwa da fuskar wanda aka binne jiya. Labarin da ake bayarwa a zaure har gashin jiki ya tashi shi ne na kyakkyawar matar da ɗan acaɓa ya ɗauka da tsakar dare, ya sauke ta kusa da maƙabarta, ya sunkuya karɓar kuɗi ya ga kofato a ƙarƙashin zanenta. A duk labarin babu inda fuskar ta canja.

Ke nan mai fim ɗin da ya zuba kuɗinsa a kan fuska mai ƙahoni ya yi kuskuren fassara tun kafin ya kunna kyamara. Abin da labarin Hausa yake nema shi ne fuskar mutum da aka taɓa kaɗan: fatar da ta yi fari-fari kamar an shafa toka, idon da ba ya ƙiftawa, tsagar gado da ta koma ɓangaren da ba nata ba, tsayin da ya zarce na jiya da taƙi guda. Irin wannan aikin auduga da ƙaro da farar ƙasa da kwalli suna iya yin sa, kuma sun fi silikon dacewa da shi a wurare da yawa, domin suna barin fuskar jarumin ta yi aikinta. C.J. Obasi ya nuna hakan sau biyu. Ojuju, fim ɗinsa na 2014 da ya yi kusan babu kuɗi a wata unguwar talakawa ta Legas, ya ci kyautar fim ɗin Najeriya mafi kyau a bikin AFRIFF. Mami Wata na 2023 kuwa, da aka ɗauka baƙi da fari, farin zāne ne kawai a kan baƙar fata, ya kuma dawo da kyautar ɗaukar hoto daga bikin Sundance na Amurka.

Gaskiya ba ta cika ba idan ba a faɗi aibin na gida ba. Yana cin lokaci, kuma sai an sāke shi kowace rana, ba lallai ne na yau ya yi daidai da na jiya ba. Auduga da ƙaro ba sa jure gumi kamar gam ɗin ƙwararru. Mafi muni, inda babu ilimi akwai haɗari. Gam mai ƙarfi irin na liƙe takalmi yana ɗaye fata. Fentin bango da na mota ba na jiki ba ne. Filasta tana ɗaukar zafi idan tana ƙamewa, wanda aka zuba masa ita kai tsaye a fuska zai iya ƙonewa ko numfashinsa ya toshe, shi ya sa ƙwararru suke fara shafa irin abin da masu haɗa haƙoran roba ke ɗaukar awon baki da shi, su bar hanci a buɗe. Ruwan roba yana tayar wa wasu mutane borin jini mai tsanani, dole a gwada shi a hannu tukuna. Ɗan gilashin nan mai launi da ake liƙawa a ƙwayar ido, idan aka riƙa karɓa-karɓa da shi tsakanin 'yan wasa, yana iya jawo ciwon da zai tafi da gani. Duk waɗannan ba su wuce shafi huɗu ba idan aka rubuta su da Hausa, kuma babu wata hukumar da za ta ce buga shafi huɗu ya fi ƙarfin kasafinta.

Akwai kuma iyakar da bai kamata neman na gida ya ƙetare ba. Kudancin Jihar Gombe da kwarin Binuwai baki ɗaya suna da arzikin siffofi, daga dodannin Jukunawa zuwa tukwanen yumɓu masu fuska na mutanen Cham, waɗanda aka baje irinsu a nunin da gidan tarihi na Fowler ya shirya a Los Angeles a 2011. Mai fim zai ji kwaɗayin ɗauko su ya mayar da su mugun abin cikin labarinsa. A jihar da masallaci da coci da gidan gargajiya suke maƙwabtaka, mayar da abin girmamawar wata al'umma dodon fim ɗin wata al'ummar tsokana ce, ko da ba a nufa ba. A koyi dabarar hannun, a bar musu siffarsu.

Malamai ma suna da ta cewa, kuma tarihi ya nuna ba a tsallake su. A 2016 gwamnatin tarayya ta shirya gina ƙauyen fim na Naira biliyan 3 a Kofa ta Jihar Kano, suka daga mumbari ya sa aka janye. Wasu malaman suna ƙyamar sassaƙa siffar mai rai, wasu kuma suna ganin finafinan aljanu suna ƙara wa jama'a camfi da zargin maita, zargin da ya sha jawo wa tsofaffin mata duka da kora. Damuwa ta biyun tana da nauyi, kuma amsarta tana hannun marubucin labari. Ta farkon kuwa, ko a nan kwalliyar da ake shafawa a wanke ta fi gunkin roba da ake ratayewa a bango sauƙin karewa.

Daga ɓangaren hukuma, a watan Mayun 2024 shugaban Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, Dakta Shaibu Husseini, ya bayyana a Inugu cewa an amince da ƙa'idar da ta hana ƙawata tsafin neman kuɗi da kisan tsafi da shan taba a finafinai, daga baya kuma ya yi bayanin cewa ba a haramta nuna su ɗungurungum ba idan labarin yana buƙata domin tarihi ko gyara. Manufar tana da kyau. Abin tsoron shi ne jami'in da zai aiwatar da ita a ƙasa, wanda zai ga ƙwarya da jan ƙyalle da fuska mai toka ya ce tsafi ne, ya hana. Fim ɗin ban tsoro na gaske shi ne mafi nisa daga ƙawata tsafi, domin aikinsa shi ne ya sa mai kallo ya ƙyamaci abin. Idan ba a rubuta wa masu tacewa wannan bambancin a fili ba, ƙananan masu fim za su guje wa kayan gida da ke kama da na boka, su koma ga fuskar robar Sin wadda ba ta kama da komai, saboda ita ba ta jawo tambaya.

Gwamnatin tarayya ta sha ware wa harkar fim kuɗi. An yi shirin Naira biliyan 3 na zamanin Goodluck Jonathan a 2013, an yi shirin rancen Babban Banki na masu ƙirƙira a 2019, ga kuma asusun da ma'aikatar yanzu take tallatawa. Duk suna da siffa ɗaya: suna neman kamfani mai rajista, da tsarin kasuwanci a rubuce, da banki. Furodusa yana iya cika waɗannan. Mai kwalliyar da ke aiki da akwati guda, ana biyanta kuɗin yini, ba za ta iya ba, kuma abin da take buƙata bai kai kuɗin tayar motar rakiyar babban sakatare ba. Tana buƙatar horon wata biyu ko uku, irin wanda Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos za ta iya kawowa Gombe, ta gudanar a Kwalejin Ilimi ta Fasaha ta Tarayya da ke garin, a zaunar da baduku da magini da mai lalle a aji ɗaya da ɗaliban fim. Tana buƙatar ruwan robar Iyanomo a ƙaramar kwalba da za ta iya saya a Kano ko Jos. Tana buƙatar ta san cewa Dokar Haƙƙin Mallaka da aka sanya wa hannu a 2023 ta shafi fuskar da ta ƙirƙira, kada furodusa ya biya ta kuɗin yini ɗaya ya riƙe dodon har abada. Masana'antar da ta faro da Turmin Danya a Kano a 1990 ta haifi taurari da mawaƙa da daraktoci da kowa ya san sunansu, amma mai kallo na yau da kullum ba zai iya kiran sunan mutum ɗaya da ke gina fuska ba.

Wani zai ce kwamfuta ta gama da wannan gardama, tunda yanzu ana iya zana dodo bayan an gama ɗauka. Yaran Kaduna na ƙungiyar The Critics sun nuna abin da ake iya yi da fasasshiyar waya da koren ƙyalle, har J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki. Amma finafinan Hausa sun riga sun gwada aljanin kwamfuta mai ɓacewa da walƙiya da jan ido mai fitar da wuta, kuma an ga yadda yake tsufa cikin shekara biyu. Jarumar da ke kallon abu na gaske a gabanta, cikin duhu na gaske, ba ta buƙatar a koya mata firgita.

Su kuwa samarin Shamaki, akwai aikin da ke gabansu kafin na fuska. Gombe gari ne da ya ga bama-bamai a tasha da kasuwa a 2014 da 2015, ya kuma daɗe yana fama da 'yan Kalare. Mutum mai rufaffiyar fuska a lungu da ƙarfe ɗayan dare ba abin wasa ba ne a wurin, kuma 'yan sintirin unguwa ba za su tsaya tambayar sunan fim ba. Sai sun je wurin mai unguwa, sun sanar da ofishin 'yan sanda, sun bi maƙwabta gida-gida. Bayan haka su mayar wa mai kayan wasan yara fuskarsa, su nemi mai lalle ta shafa wa jarumarsu toka da farar ƙasa sama-sama, su kashe fitila ɗaya daga cikin biyun da suka aro, su rage wa ɗayar ƙarfi da farin ƙyalle. Kuɗin da ya rage su kai wa baduku, tare da awon ƙafar yarinyar, ya ɗinka musu kofato biyu na fatar saniya waɗanda za su leƙo daga ƙarƙashin zane na daƙiƙa ɗaya tak, lokacin da ango ya sunkuya zai ɗauki makullin da ya faɗi.